Ciwon Eagle da wahalar gano cutar da ba a saba gani ba

A watan Mayun 2025 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya karo na 78, wanda aka gudanar a birnin Geneva, ya amince da wani ƙuduri da shi ne irinsa na farko a game da cututtukan da ba kasafai ake samunsu ba. Ƙasashen Masar da Sipaniya ne suka jagoranci gabatar da ƙudurin, wanda ya ɗora wa hukumar alhakin tsara wani shiri na shekaru goma da za a gabatar wa taron a shekarar 2028.

An ƙiyasta cewa ire-iren waɗannan cututtuka sun haura 7,000, kuma masu fama da su a duniya sun zarce miliyan 300. To amma babban abin da marasa lafiyar ke kuka da shi tun kafin a zo maganar magani shi ne tsawon lokacin da sukan ɗauka ba su san sunan abin da ke damunsu ba. Wani bincike da ƙungiyar EURORDIS, mai fafutukar kare masu irin waɗannan cututtuka a nahiyar Turai, ta wallafa a 2024 ya nuna cewa akan ɗauki kusan shekaru biyar daga bayyanar alamar farko zuwa ranar da likita zai tabbatar da cutar. Mata sun fi jin jiki, domin sukan jira fiye da shekaru biyar, alhali maza ba sa cika huɗu. Wannan fa a Turai ke nan, inda asibitoci da na'urori suke birjik.

Ɗaya daga cikin cututtukan da suka fi fito da wannan matsala fili shi ne ciwon Eagle, wanda a 'yan shekarun nan ake yawan ambatonsa a tsakanin masu fama da ciwon kai mai naci da kuma ƙarar kunne mai bin bugun zuciya. Lamarinsa na da fuska biyu. Akwai waɗanda ke da shi amma suka shafe shekaru suna zarya tsakanin likitoci ba wanda ya tuna da shi. Akwai kuma waɗanda hoto ya nuna musu wani abu mai kama da shi, suka riƙe sunan gam, alhali abin da ke damunsu yana wani wurin dabam.

Ƙashi kamar tsinke

Ko da yake kalmar na nufin gaggafa a Turance, ciwon ba shi da wata alaƙa da tsuntsu. Sunan wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, Watt Eagle, na Jami'ar Duke da ke jihar North Carolina a Amurka, wanda a shekarar 1937 ya wallafa bayanin wasu marasa lafiya biyu da ya duba. Tun a 1652 wani likitan fiɗa na birnin Padua a Italiya, Pietro Marchetti, ya lura da irin wannan canji a wuyan ɗan Adam, amma Eagle ne ya haɗa shi da rukunin alamomin da aka san ciwon da su a yau.

A ƙarƙashin kowane kunne, can ciki bayan muƙamuƙi, akwai wani siririn ƙashi mai kama da tsinke da ya sauko daga ƙoƙon kai, wanda likitoci ke kira sitailoid. A bisa al'ada tsawonsa bai wuce santimita biyu da rabi zuwa uku ba. Tsokoki uku ne ke maƙale da shi, sai kuma wata igiyar nama da ta haɗa shi da ƙashin da ke tallafe da tushen harshe. A jikin wasu mutane wannan tsinken ƙashi yakan yi tsawo fiye da kima, ko ya karkace, ko kuma igiyar naman ta daskare ta koma ƙashi.

Da a ce a wani wuri ne mai yalwa a jiki, da babu wanda zai damu da ƙarin santimita ɗaya ko biyu. Sai dai wurin matsattse ne ainun. Tsinin ƙashin yana ratsawa ne tsakanin rassa biyu na jijiyar karotid, wadda ke kai jini ga ƙwaƙwalwa da fuska. A gefensa akwai babbar jijiyar jugula, mai dawo da jini daga kai zuwa zuciya. Kazalika jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon ji da motsi zuwa harshe da maƙogwaro da kunne da fuska duk ta nan suke bi. Saboda haka abin da mara lafiya zai ji ya dogara ne a kan abin da ƙashin ya taɓa.

Eagle ya kasa ciwon gida biyu. Na farko shi ne wanda ke taɓa jijiyoyin saƙo, kuma ya fi ganinsa a tsakanin waɗanda aka yi wa aikin cire ƙululun maƙogwaro da ake kira tonsil. Mai wannan nau'in yakan ji zafi a ɓari ɗaya na maƙogwaro, kamar ƙayar kifi ta maƙale masa, ga wahalar haɗiya, ga zafin da ke harbawa zuwa kunne. Hamma ko tauna ko waiwaye, ko da na sallamar salla ne, na iya tayar da zafin. Nau'i na biyu shi ne wanda ƙashin ke danne jijiyar karotid, lamarin da kan haddasa ciwon kai da na kewayen ido, da jiri ko suma a lokacin juya wuya. A wasu lokuta ƙalilan ƙashin kan yaga bangon jijiyar ta ciki, jini ya daskare, a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Wannan ne ma ya sa likitoci ke gargaɗin wanda ake zargin yana da ciwon da ya guji bari a murɗa masa wuya da sunan tausa.

Dalilin da ya sa ake kuskure shi

Alamomin ciwon Eagle sun faɗa ne a kan iyakar fannoni da dama na aikin likita, kuma kowane fanni na da cutar da ya fi sabawa da ita mai irin waɗannan alamomi. Likitan haƙori zai fara tunanin ruɓaɓɓen haƙori ko matsalar gaɓar muƙamuƙi, kuma rahotannin likitoci cike suke da labarin waɗanda aka cire wa haƙora lafiyayyu zafin bai tafi ba. Likitan kunne zai leƙa ya ga kunne garau. Likitan ƙwaƙwalwa zai kira shi ciwon ɓarin kai ko ciwon jijiyar fuska. A ƙasar Hausa kuwa, mai jin kamar wani abu ya tokare masa maƙogwaro ba wuya a ba shi shawarar ya je wurin wanzami a cire masa beli. Idan duk an gwada ba a dace ba, sai a koma cewa damuwa ce ko yawan tunani, kuma mata, waɗanda su ne ciwon ya fi kamawa musamman daga shekara 30 zuwa 50, su suka fi shan wannan amsa.

Abin takaicin shi ne gwajin farko ba ya buƙatar wata na'ura. Likita kan sa yatsa a gurbin tonsil ya lalubo. Ƙashi mai tsawon al'ada ba ya taɓuwa ta nan, amma wanda ya yi tsawo yakan taɓu, kuma taɓa shi kan tayar da ainihin zafin da mara lafiya ya zo da kukansa. Daga nan akan yi allurar kashe zafi a daidai wurin. Idan ciwon ya lafa na ɗan lokaci, to an samu hujja mai ƙarfi. Hoton haƙora mai nuna muƙamuƙi baki ɗaya yakan nuna ƙashin, amma hoton CT, wanda kwamfuta ke harhaɗawa ta fito da siffar ƙashin ta kowace fuska, shi ne likitoci suka fi dogara da shi wajen auna tsawo da karkata.

Kundin rabe-raben ciwon kai na ƙasa da ƙasa, bugu na uku da ya fito a 2018, ya amince da wannan ciwo a matsayin ɗaya daga cikin musabbaban ciwon kai da fuska. Sai dai bai wadatu da hoto kaɗai ba. Ya shardanta a samu aƙalla biyu daga cikin wasu shaidu: zafin ya tashi idan an taɓa wurin, ko ya tashi idan an juya kai, ko ya lafa bayan allura ko fiɗa, ko kuma ya kasance a ɓarin da ƙashin yake.

Akwai dalilin wannan tsanani. Ƙiyasin da aka fi ambata, wanda ya samo asali daga Eagle kansa, shi ne kimanin kashi 4 cikin 100 na jama'a suna da dogon sitailoid, wasu binciken na baya ma sun samu adadin da ya fi haka. Amma daga cikin masu dogon ƙashin, waɗanda ke jin wani ciwo ba su wuce kashi 4 zuwa 10 cikin 100 ba. Ma'ana, a cikin kowane mutum goma da hoto zai nuna musu dogon ƙashi, aƙalla tara za su rayu su mutu ba su san da shi ba. A ɗaya ɓangaren kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 kimanin kashi 40 cikin 100 na al'ummar duniya, wato mutane biliyan 3.1, sun yi fama da wani nau'i na ciwon kai. Idan aka haɗa waɗannan alƙaluma biyu, ba makawa a samu ɗimbin mutane masu ciwon kai kuma masu dogon ƙashi, ba tare da ɗayan ya haddasa ɗayan ba.

Bugun zuciya a cikin kunne

Ƙarar kunne aba ce ruwan dare. Wani nazari da aka buga a mujallar JAMA Neurology a 2022 ya ƙiyasta cewa manya fiye da miliyan 740 ne ke jin ta a duniya. Galibinsu wani ƙugi ne ko shewa mai ɗorewa suke ji, wanda yawanci ke da nasaba da raunin ji. Amma akwai wani kaso, ƙasa da ɗaya cikin goma, da abin da suke ji dabam ne: wani fuu-fuu ne mai tafiya daidai da bugun zuciya, wanda kan tsananta da dare idan an kwanta gari ya yi tsit, ko bayan an hau bene. Wannan sauti ne na gaske, na jinin da ke gudana kusa da kunne, har ma wani lokacin likita kan ji shi idan ya ɗora abin sauraren ƙirji a bayan kunne ko a wuya.

Saboda haka ne likitoci ba sa ɗaukar wannan nau'i da wasa. A yawancin masu shi akan gano musabbabi idan an bincika, kuma hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da umarni a 2020 cewa duk mai ƙarar kunne mai bin bugun zuciya a yi masa hoto.

Musabbaban suna da yawa, kuma ciwon Eagle can ƙasa yake a jerin. Wasu masu sauƙi ne: ƙarancin jini, juna biyu, hawan jini, ko ƙwayar tayirod ta maƙogwaro da ke aiki fiye da kima, waɗanda duk kan sa jini ya riƙa gudu da ƙarfi. Wasu kuwa masu haɗari ne, kamar cushewar jijiyar karotid da kitse, ko wata mahaɗa da kan ɓulla tsakanin jijiya mai kai jini da mai dawo da shi a rigar ƙwaƙwalwa, wadda kan iya fashewa, ko kuma wani ƙari mai yawan jini da ke tsirowa a bayan dodon kunne.

To amma idan ƙarar ta haɗu da ciwon kai na kullum, akwai cutar da ta fi kowacce cancantar a fara kawar da zarginta, wato hauhawar matsin ruwan ƙwaƙwalwa ba tare da ƙari ba, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da IIH. Ta fi kama mata masu shekarun haihuwa, tun ba ma masu ƙiba ko waɗanda suka ƙara nauyi kwanan nan ba, kuma wasu magunguna irin su tetracycline da yawan shan sinadarin bitamin A na iya tayar da irinta. Ciwon kan nata yakan ƙaru da kwanciya ko tari ko sunkuyawa, gani kuma ya riƙa ɗaukewa na 'yan daƙiƙoƙi idan an miƙe. Haɗarinta shi ne matsin yana kumbura jijiyar gani a hankali, mara lafiya bai ankara ba, har ya kai ga makanta da ba ta da magani. Masu bincike a birnin Birmingham sun gano cewa yawan sababbin masu kamuwa da ita a Ingila ya ninka tsakanin 2002 da 2016, daidai da yadda ƙiba ke ƙaruwa.

Gano ta kan fara ne da leƙa bayan ido da 'yar fitilar likita, aikin da bai wuce mintoci ba. Idan an ga kumburi sai a yi hoton ƙwaƙwalwa da na jijiyoyinta, sannan a ɗebi ruwan laka ta gadon baya a auna matsinsa. Akwai magani, wato acetazolamide, wanda wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2014 ya tabbatar da amfaninsa idan an haɗa da rage ƙiba. Mara lafiyar da ya shafe watanni yana neman likitan da zai yarda cewa ƙashin wuyansa ne matsalar, ba tare da an duba idonsa ba, yana caca ne da ganinsa.

Sabon babi, da tsohon darasi

Abin da ya sa ake haɗa ciwon Eagle da ƙarar kunne a yanzu shi ne wani nau'i na uku da Eagle bai ambata ba. Tun daga wajen 2012 likitoci suka fara ba da rahoton marasa lafiyar da jijiyarsu ta jugula ta matse tsakanin tsinken ƙashin da kuma gefen ƙashin wuya na farko. Hasashen shi ne idan hanyar fitar jini daga kai ta ƙuntata, sai matsi ya ƙaru a ciki, a samu ciwon kai da ƙarar kunne da dushewar gani da nauyin tunani, kwatankwacin alamomin IIH. Likitoci a asibitin Addenbrooke's da ke Cambridge, waɗanda a 2002 suka fara ba da rahoton sanya ɗan bututun raga a jijiyar cikin kai domin maganin IIH, na daga cikin waɗanda suka yi aiki a kan wannan. A 2019 kuma Farfesa Paolo Zamboni na Jami'ar Ferrara a Italiya da abokan aikinsa suka wallafa wata maƙala da ta raɗa wa nau'in suna ciwon Eagle na jugula.

Hasashen na da ma'ana, kuma akwai marasa lafiyar da suka samu sauƙi bayan an yanke ƙashin. Sai dai har yanzu likitoci ba su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya a kansa ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2012, a kan mutane sama da ɗari da aka yi wa hoton jijiyoyin wuya saboda wasu dalilai dabam, ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na da matsananciyar ƙuntatar jugula ta dama. Jiki yana da wasu ƙananan hanyoyi ta bayan wuya da jini ke bi idan babbar ta matse, ita kuma jugula aba ce mai laushi da kan lotsa ko ta buɗe gwargwadon yadda mutum ya kwanta ko ya juya kai a lokacin ɗaukar hoton.

Sunan Zamboni kansa na tuna wa likitoci wani al'amari da ba su manta ba. A 2009 ya gabatar da ra'ayin cewa ƙuntatar jijiyoyin wuya na da hannu a cutar MS, mai lalata rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kuma buɗe su da 'yar balan-balan zai kawo sauƙi. Labarin ya bazu kamar wutar daji, musamman a Kanada bayan wani shirin talabijin da aka nuna a ƙarshen shekarar. Dubban marasa lafiya suka kwashi kuɗinsu suka nufi asibitoci masu zaman kansu a Poland da Bulgeriya da Indiya da Costa Rica, 'yan siyasa kuma suka shiga matsin lamba a kan hukumomin lafiya. An samu waɗanda suka rasa rayukansu, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 2012. A 2013 wani binciken Kanada da mujallar Lancet ta buga ya nuna cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na masu cutar da kuma na lafiyayyun mutane duk suna da irin wannan ƙuntata. Daga bisani, a 2017, gwajin da Zamboni da kansa ya jagoranta, inda aka yi wa wasu aikin gaske wasu kuma na jeka-na-yi-ka ba tare da sun sani ba, ya nuna cewa aikin ba shi da amfani, kuma ya amince da sakamakon.

Wannan ba ya nufin ciwon Eagle na jugula zai bi sahun wancan. Cututtukan biyu sun bambanta, kuma a nan akwai ƙashi da ido ke gani yana danne jijiya. Abin lura dai shi ne, mafi yawan hujjojin da ake da su a kan fiɗar sun fito ne daga rahotannin ƙananan rukunonin marasa lafiya da likitocin da suka yi aikin suka rubuta da kansu, irin hujjojin da aka dogara da su a farkon lamarin MS. Shi ya sa cibiyoyin da ke taka-tsantsan ba sa tsayawa a kan hoto. Sukan zura siririn bututu cikin jijiyar su auna matsin jini a sama da ƙasan wurin da ya ƙuntata, wani lokacin mara lafiya na juya kai, domin a ga ko da gaske jinin na samun cikas.

Fiɗar kanta ba ƙaramin aiki ba ne. Akan bi ta cikin baki ko ta wajen wuya a gutsure ƙashin. Ta baki ba ta barin tabo, amma likita ba ya ganin wurin sosai, ga kuma haɗarin ƙwayoyin cuta su shiga zurfin wuya. Ta waje ta fi ba da damar gani, sai dai tana iya taɓa reshen jijiyar fuska leɓe ya karkace, wasu kuma su riƙa jin zafi mai tsanani a lomar farko ta kowane abinci. Idan jugula ake son 'yantarwa, akan kai ga kankare gefen ƙashin wuya na farko, kusa da jijiyar da ke ɗaga kafaɗa. A nau'in da Eagle ya bayyana, mafi yawan waɗanda aka zaɓa da kyau sukan warke ko su samu sauƙi, amma rahotanni na nuna cewa har kusan ɗaya cikin biyar na iya tashi daga gadon fiɗa da ciwonsa. Kafin a kai ga wuƙa akan gwada magungunan zafin jijiya irin su gabapentin da carbamazepine da amitriptyline, ko allura a wurin.

Inda likitocin suka yi ƙaranci

Duk wannan taƙaddama ana yin ta ne a ƙasashen da mara lafiya ke iya ganin ƙwararru huɗu ko biyar a shekara guda. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya a kan ji, na 2021, ya ce kashi 78 cikin 100 na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da ko likitan kunne ɗaya ga kowane mutum miliyan guda. Wani rahoton hukumar na 2017 ya nuna cewa ƙasashe masu arziki na da ma'aikatan fannin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kimanin bakwai ga kowane mutum dubu ɗari, alhali matalautan ƙasashe na da ɗaya tak ga mutum miliyan ɗaya. A Najeriya, ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya bayyana a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin shekaru biyar, kuma sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun marasa lafiya yake fita, duk da dokar inshorar lafiya ta 2022 da ta wajabta shiga tsarin. Akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999, da kuma sassan kunne a asibitocin koyarwa, amma hoton CT ko MRI na jijiyoyi a manyan birane kawai ake samunsa, da tsadar da ta fi ƙarfin akasarin magidanta.

A irin wannan hali, jerin yadda za a bi bincike ya fi muhimmanci fiye da a ko'ina, domin mai kuɗin hoto ɗaya ba shi da damar yin kuskure. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin 100 na mata masu shekaru 15 zuwa 49 na fama da ƙarancin jini. Ke nan macen da ta je asibiti a Kano ko Sakkwato tana jin bugun zuciyarta a kunne, awon jini da awon hawan jini da leƙa bayan ido su ne abubuwan da suka fi yiwuwar ba da amsa, kuma su ne mafi araha. Akwai ma wata alama da likita kan gwada da hannu: idan ya ɗan danna gefen wuya a hankali ta ɓarin da ake jin ƙarar sai ta ɗauke, hakan na nuni da cewa daga jijiya mai dawo da jini take fitowa, abin da zai taimaka wajen zaɓen irin hoton da ya dace.

Daɗin daɗawa, dogon jira na haifar da tasa cutar. Wanda ke shan maganin kashe zafi irin su farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, ko masu ƙarfi irin su tiramadol da kodin kwana 10 ko fiye, har tsawon watanni uku, yana iya kamuwa da ciwon kan da maganin ne da kansa ke haddasa shi. A inda ake sayen magani a kemis ba tare da takardar likita ba, kuma kowane ciwon kai ake fara kiransa maleriya ko taifod, mara lafiya kan isa gaban ƙwararre ne da ciwo biyu a haɗe, na asali da kuma wanda jinyar ta ƙara masa.

Akwai alamomin da likitoci suka yi ittifaƙi cewa ba a jira da su, ko mene ne sunan da ake zargi: ciwon kai mai tsanani da ya faɗo farat ɗaya, raunin hannu ko ƙafa ko karkacewar baki ko sarƙewar harshe ko da na mintoci ne, ɗaukewar gani ko ganin abu bibbiyu, da kuma faɗowar fatar ido ɗaya tare da ciwon wuya.

Ƙudurin na Geneva ya buƙaci ƙasashe su shigar da cututtukan da ba kasafai ake gani ba cikin tsare-tsarensu na kiwon lafiya, su kuma inganta hanyoyin gano su da wuri. Ƙudurorin taron dai ba sa tilasta wa kowace ƙasa, kuma an amince da wannan ne a shekarar da Amurka, wadda ta kasance mafi ba hukumar kuɗi, ta sanar da ficewarta, lamarin da ya tilasta wa taron zaftare kasafin kuɗin hukumar na 2026 zuwa 2027 daga dala biliyan 5.3 zuwa biliyan 4.2.